Labulen Nomau Mai Faci

Nomau ya zo Abidjan cin rani ne, na wata huɗu, a shekarar 1989. Har yau idan aka tambaye shi yaushe zai koma garinsu Buza, sai ya ce yana jira abubuwa su ɗan daidaita.

Da keken ɗinki a kafaɗa ya fara, yana bin lungunan Adjamé yana kaɗa almakashi don mata su ji su fito da abin da ya yage. Toklo-toklo ake ce wa masu wannan sana'a a garin. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana yawon, har kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, kuma ba ta sake hawa ba. Daga baya ya samu ɗan wuri a bayan kasuwar Treichville, tsakanin Mati, wani ɗan Tawa mai sayar da madubai da kwaɗuna, da wata mata mai soya ayabar da ake ce wa aloko. Ya sayi keken ƙafa, ya zauna.

Ba ya ɗinka sabo. Faci yake yi, kuma a facin ma an fi saninsa da hantsar wando, inda ƙafafun wando biyu suke haɗuwa, inda kowane wando yake fara mutuwa. Direbobin tashar Bassam da 'yan dako, har da masu ɗaura lakataye, suna kawo masa nasu a ƙudundune cikin leda kamar kayan sata. Sai ya karɓa, ya ɗaga wa rana, ya ce, "Wurin nan ne." Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran wurin nan, ba wanda ya taɓa jin ya kira shi da wani suna dabam.

Matarsa Rahamatu 'yar garinsu ce. Bayan aurensu ta yi shekara bakwai a Buza yana zuwa ganinta jefi-jefi, kafin ya kawo ta Williamsville, ɗaki da falo a wani gidan haya mai ƙofa goma sha huɗu, famfo ɗaya, bayan gida biyu. Sun haifi biyar, duk sun girma sun watse. Babbar, Bushira, tana aure a Bouaké. Zamansu irin na mutanen da ne. Ba ta kiran sunansa, Malam take ce masa, duk da karatunsa bai wuce izu biyu ba. Shi kuma bai taɓa canza ko riga a gabanta da rana ba. Abu ɗaya suke da shi wanda ba na mutanen da ba ne. Idan ya dawo daga kasuwa ya yi sallar magariba, takan ɗora ƙafafunsa a cinyarta ta murza musu man kaɗe, saboda gajiyar taka keke, tana ba shi labarin wadda ta zagi wa a bakin famfo. Shi kuwa yana riƙe da rediyo a kunne, wai labaran duniya yake saurare.

An daɗe da gaya masa yana da ciwon sukari. Ya karɓi labarin da ladabi, ya rage sukarin shayinsa daga cokali huɗu zuwa uku.

Abin ya fara da ɗan ƙurji, a wurin nan. Ya je wajen matan da suke sayar da ƙwayoyi a kan tire a Adjamé, ya ce maruru ne ya fito masa a cinya. Suka ba shi maganin maruru a cinya. Kwana tara yana taka keke a kan ciwon, yana zama da gefe ɗaya, yana cije leɓe. Rahamatu ta ga tafiyarsa ta canza, ta tambaya, ya ce sanyi ne. A rana ta goma Mati ya leƙo daga rumfarsa, ya shaƙi iska, ya dube shi.

"Nomau, ko ɓera ya mutu a ƙarƙashin kekenka?"

Nomau ya buɗe baki zai ce masa ya duba tasa rumfar, sai kasuwar ta juya, ya faɗi a kan wandon wani direba.

A asibiti aka ce ruɓa ce ta shiga fatar marenansa tana ci, da an ƙara kwana biyu da sai dai wani zancen. Sau uku ana shiga da shi ɗakin tiyata ana yanke fatar da ta mutu. Daga nan aka shiga wankin ciwo, kullum, har mako shida, ana jiran naman ya yi ja ya daina ruwa. Likitan da ke kula da shi, Dakta Abdulra'uf, haifaffen Adjamé ne, jikan wani fatake mai goro. Hausarsa ta cikin gida ce, wadda ya koya a gindin kakarsa, idan magana ta yi nisa sai ta ƙare masa ya cike da Faransanci. Wata safiya ya ja kujera ya zauna kusa da gadon.

"Baba, wurin ya yi kyau yanzu, amma ba zai rufe da kansa ba, ya yi faɗi. Za mu yanko fata siririya daga cinyarka mu shimfiɗa a kai, mu ɗinke."

Nomau ya ce, "Faci ke nan."

"Voilà. Faci."

"Ka datse bakin da ya ruɓe duka? Faci ba ya zama a kan ruɓaɓɓen yadi."

"Shi muka yi mako shida muna yi."

"Launin zai zo ɗaya?"

Likitan ya sosa kai. "Baba, kai wa zai duba?"

Nomau ya juya fuska wajen ƙofa. Akwai mai dubawa mutum ɗaya a duniya, kuma a lokacin tana zaune a barandar asibitin da kwanon tuwo a cinya. Kullum sai ta shiga tasin woro-woro ta sauka, ta shiga ƙaramar bas ɗin da ake ce wa gbaka ta haye gada ta zo. Kullum sai ta same shi ya ja zanen gado har haɓa, a cikin zafin Abidjan, yana zufa yana cewa da sauƙi.

Aka yi aikin, ya kwana biyar a kwance ba motsi. Ranar da aka buɗe, likitan ya yi murna, ya ce fatar ta kama. Ya ce ba abin da aka cire masa sai fata, sauran komai yana nan, kuma zai yi aikinsa idan an warke. Da za a sallame shi ya lissafa masa dokoki. Kar ya tsuguna. Kar ruwan famfo ya taɓa wurin, sai ruwan gishirin da ke cikin kwalba da auduga. Ya yi salla a zaune. A wanke ciwon a canza bandeji kullum da safe, ya riƙa zuwa asibiti duk Alhamis.

"A kira madam in nuna mata yadda ake yi."

"Ni zan yi."

"Ba za ka iya ganin ƙasan ba, Baba."

"Yaro, ina zura zare a allura ba tabarau tun kafin a yaye ka."

Likitan, wanda ya haura arba'in kuma furfura ta fara masa, ya ɗaga kafaɗa ya nuna masa.

Da Mati ya zo gaishe shi a gida, Nomau ya ce ya kawo masa ɗan madubi, irin na aski. Mati ya kawo bai tambaya ba, ya dai ce, "Tsufa ya zo da kwalliya." Washegari da hantsi Rahamatu ta tafi cefane, Nomau ya kulle ƙofa, ya kwance bandejin, ya kara madubin.

Ya daɗe yana kallo. Ɗinkin ba laifi, a matsayinsa na ma'aikaci ya yarda da wannan, tazarar zaren daidai take. Amma facin ja ne jawur, da ƙananan huji jere kamar buhun albasa, gefensa baƙar fatarsa ta asali ta tattare. Da wani ya kawo masa wando da irin wannan aiki, da ya ce masa ya sa doguwar riga a kai. Ya mayar da bandejin. Kafin Rahamatu ta dawo ya ɗauko tabarmarsa da matashinsa daga ɗaki ya shimfiɗa a falo, ya saki labulen da ke tsakani, wanda tun da yara suka watse yake a ɗaure.

"Malam, me ya faru?"

"Likita ya ce in riƙa shan iska."

Ta dubi falon, wanda tagarsa ɗaya take kallon bangon maƙwabta, ta ce, "To."

Haka aka shiga zaman labule. Tana dafa masa abinci ba gishiri sosai ba sukari sam, ta ajiye ta koma. Idan zai yi wankin ciwo sai ya ce mata ko za ta ɗan leƙa tsakar gida, ta ɗauki kujerarta ta fita. Ranar farko bayan magariba ta zo da gwangwanin man kaɗe ta zauna, ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙafarsa. Ɗaga ƙafa yana nufin zanen da ya ɗaura ya ja baya. Ya janye, ya ce ai yanzu ba ya taka keke, ƙafar ba ta gaji ba. Ta rufe gwangwanin. Ba ta sake kawowa ba.

Shekara bakwai ɗin da ta yi a Buza yana Abidjan, ya ɗauka ya san kewa. Ashe waccan mai sauƙi ce, don akwai nisan ƙasa da ƙasa a tsakani da zai ɗora wa laifi. Wannan kuwa yadi biyu ne na atamfa, shi da kansa ya yi musu kalmasa. Yana jin ƙarar awarwaronta idan tana ninke kaya. Yana jin ƙamshin turaren da take sa wa a kasko ranar Juma'a, wanda a da ya ɗauka don ɗaki ake yi. Da rana yakan jingina a bakin ƙofa yana kallonta a bakin famfo, tana dariya da matan gidan, tana ba su labaran da a da nasa ne. Ya kunna rediyo, ya tarar duniya ba ta da wani labari mai daɗi idan ba a murza wa mutum ƙafa. Sau da yawa ya shirya magana, ya kira ta, ta ɗaga labule ta ce, "Na'am, Malam?" sai ya tambaye ta ko ta ga carbinsa. Carbin yana wuyansa.

A dokokin likita kuwa, ya zaɓi waɗanda suka yi masa. Salla a zaune ya yi ta kwana biyu, ya ga kamar yana yi wa Ubangiji rowa, ya koma sujada. Batun ruwa ya fi damunsa. Mutum ya shiga bayan gida ya fito bai yi tsarki da buta ba, sannan ya fuskanci alƙibla? Ya san akwai sauƙin da aka yi wa mara lafiya, ya san akwai taimama, amma a ganinsa wannan na matafiya ne a Sahara. A Abidjan, garin da ruwa ya kewaye ta ko'ina har ana hawa gada a je kasuwa, ya ji kunyar ya buga hannu a ƙasa. Da ya tambayi liman da ya warware masa a minti ɗaya. Amma liman zai ce ciwon a ina yake. Don haka sau biyar a rana yana tsugunawa a bayan gidan mutum goma sha huɗu da iyalansu, yana kwarara ruwan famfo, sannan ya dawo ya mayar da jiƙaƙƙen bandeji. Gaban, wanda madubi ke nuna masa, yana share shi tsaf. Ƙasan kuwa yana laluba da hannu, ya bar wa Allah.

Alhamis ta farko likitan ya ɓata fuska, ya yi gargaɗi. Kafin ta biyu, ranar Talata da la'asar, Rahamatu ta ajiye masa kunu ta tsaya ba ta koma ba.

"Malam, Bushira ta kira. Cikinta ya tsufa. Na ce zan je in zauna da ita."

"Ai saura wata uku."

"Na sani."

"To saurin me ake?"

"Can akwai abin da zan yi." Ta gyara ɗankwalinta. "Nan kuwa abinci ne, kuma matar Mati ta ce za ta riƙa aiko maka. Asabar zan shiga mota."

Ba ta faɗa da fushi ba, shi ya sa abin ya fi shigarsa. Ya ce Allah ya kai mu. Kunun ya huce a inda ta ajiye shi.

Ranar Alhamis Dakta Abdulra'uf ya buɗe bandejin, ya yi tsaki irin na kakarsa.

"C'est pas bon. Baba, gaban ya yi kyau, amma ƙasan ya lalace. Fatar ta ɗaga, kamar faɗin yatsa uku ta mutu. Ruwa kake sa wa?"

"Tsarki nake yi."

"Na ce kar ruwa ya taɓa."

"Ka ce. Wanda ya fi ka ma ya ce."

"Wanda ya fi ni ya ce mara lafiya ya kashe kansa?" Likitan ya cire safar hannu ya jefa a kwando. "Ji nan. Idan aka samu mai ido yana wanke wurin kullum, a bushe, zai iya cikewa da kansa. Idan ba haka ba, ruɓar za ta dawo, in sake yanka, in sake yanko ɗaya cinyar. Cinya biyu gare ka, Baba, ba mu da ta uku a sito. Madam tana waje?"

Tana waje. Ko da take shirin tafiya, ba ta fasa rako shi ba.

"Kar ka kira ta."

"Ba zan kira ba sai ka ce. Jikinka ne. Amma me kake tsoro?"

Nomau ya dubi silin. Da Hausar likitan ta fi haka yawa, wataƙila da ya gwada gaya masa. Matar da ta san shi shekara talatin a cikin duhu, da hannu da numfashi, ba ya son ranar farko da za ta gan shi a haske ta zama wannan ce. Yana tsoron ta gani ta yi shiru, ta ci gaba da yi masa komai da kyau, irin kyautatawar da ake yi wa mara lafiya har ya mutu. Ya ce wa likitan, "Ba komai."

Suka koma gida, shi a gbaka yana zaune da rabin ɗuwawu, ita tana kallon ruwan lagun da ya ratsa garin ta taga. Juma'a da hantsi ya ji ta jawo jaka daga ƙarƙashin gado. Ya ji tana buɗe akwati, tana kaɗe zannuwa. Lokacin wankin ciwo ya yi. Ya jera kwalbar ruwan gishiri da auduga da bandeji da madubi a kan tabarma, ya buɗe baki zai ce ko za ta ɗan leƙa tsakar gida.

"Rahamatu."

Ta ɗaga labule. "Na'am, Malam? Carbin yana wuyanka."

"Ba shi ba ne." Ya nuna kayan da ke kan tabarma. "Likita ya ce wurin yana son mai ido."

Ta tsaya da zane a hannu. Sannan ta ajiye shi, ta fita, ya ji ta a bakin famfo tana wanke hannu da sabulu, ta daɗe tana wankewa. Ta dawo ta kulle ƙofa, ta ɗaure labulen don haske ya shigo daga tagar ɗaki, ta durƙusa. Nomau ya kwanta, ya ɗora hannu a kan idanunsa. Ya ji ta kwance bandejin a hankali. Shirun da yake tsoro ya zo, ya ƙirga shi, numfashi ɗaya, biyu, uku.

"Wannan ne?" in ji ta.

Ya ƙara danne idanunsa da hannu.

"Malam, wannan ne ka kwashe tabarma a kansa? Ni na ɗauka sun yanke komai sun zubar. Matan gidan nan har sun fara yi mini sannu da wata irin murya."

"Ba ki ga yadda yake ba? Kamar buhun albasa."

"Na gani. Da can ma ba wani abin a kai kasuwa ba ne." Ta jiƙa auduga da ruwan kwalbar. "Haihuwar Bushira sai da aka ƙara ni aka ɗinke, a Buza, ba allurar kashe zafi. Haihuwar auta ma aka sake, a asibitin Adjamé, ɗinki takwas. Ungozoma uku a kaina da wata 'yar koyo, kowa na leƙe. Kwana arba'in ina zama cikin ruwan zafi."

Ya sauke hannun daga idonsa. "Ɗinki? Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ka taɓa tambaya? Kai da aka ce maka an sauka lafiya sai ka tafi neman rago." Ta sunkuya. "Kuma tabon yana nan har yau, bai hana ka komai ba. Ɗaga ƙafar nan. A'a, sosai. Wa ya naɗa maka wannan bandejin haka, kamar ƙunshin goro?"

"Ni."

"Mai faci guda."

Audugar ta taɓa inda ya mutu, zafi ya ratsa shi har ƙeya, ya kama bakin tabarma. Ɗaya hannun nata yana kan gwiwarsa, ta riƙe don kar ya motsa. Wata uku ke nan rabon da fatarta ta taɓa tasa. Hannun yana da sanyin ruwan famfo, da ɗan kaushi a tafin. Ya ji idonsa ya cika, ya bar wa zafin ciwo laifin.

"Daga yau butar nan ba ta bin ka bayan gida," in ji ta, tana aiki ba ta ɗago ba. "Zan tambayi matar liman yadda masu ciwo suke yi, ta tambayo mana shi. Ba sai an ce wane ne ba."

"Za su gane."

"Malam, gidan nan kaf sun san inda ciwonka yake tun ranar da ka faɗi. Har mai aloko ta sani."

Ya rufe ido. Ta gama, ta shafa maganin, ta naɗa sabon bandeji, ta ɗaure shi lafiyayye. Ta tattara audugar da ta ɓaci a leda. Yana kwance yana kallon jakar da ke buɗe a kan gado, rabinta cike da zannuwa.

"Motar gobe fa?" ya ce, da muryar wanda yake tambayar farashin abin da ba zai saya ba.

"Ƙarfe nawa likita ya ce a riƙa wankewa?"

"Da safe. Kullum."

"To ai ka ji." Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. "Matsa in kai tabarmar nan ciki. Falon nan ba haske, ba zan riƙa lalube ba."